Ɗigon da Ke Taka Murya

'Yata Ummi ta shiga shekara bakwai, kuma shekara biyu ke nan ban ji ta rera waƙa ba. Ni na koya mata waƙarta ta farko, ni kuma na raba ta da ita. Waƙar ta kakata ce, Iya Ladi, don haka daga can zan faro.

A ƙauyenmu na bayan Randagi, da an ci tuwo sai Iya ta miƙe ƙafafu a gaban murhu, mu jikokinta mu zagaye ta. Mace ce mai faɗa da rowar gyaɗa, amma ba ta rowar labari. Tana da tatsuniyoyi irin na kowa, mu dai na majigi muke roƙo kullum.

"Kun fi awaki naci," take cewa. Sai ta zaro itace mai jan garwashi a baki, ta ɗaga shi. "Ga ta nan a bango."

"Ta sauko mu tare ta," mu amsa.

Tana ƙaramar yarinya, in ji ta, motar majigi ta zo aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa. Kafin a nuna fim ɗin noman auduga da aka zo dominsa, sai aka fara da wani na zane, baƙi da fari. Kare sanye da wando yana tuƙa kwale-kwale, saniya na rawa da ƙafa biyu, har itatuwa suna tafi. Can sai rubutu ya fito a ƙasa, da wani farin ɗigo kamar ƙwan zabo yana tsalle daga kalma zuwa kalma. Mai majigi ya ce ta lasifika, inda ɗigo ya sauka, a rera. To rubutun Turanci ne, kuma duk filin babu mai karanta shi. Sai mutane suka yi tasu waƙar, suna bin tsallen: "Ga ni, ga ni, sauka nan."

A nan Iya take rage murya.

"Ɗigon nan maraya ne. Ba ƙafa, ba fiffike. Muryar mutane yake takawa. In aka yi shiru, sai ya faɗa duhu, shi ke nan."

Yana cikin tsalle, inji ya mutu. Fili ya yi baƙi ƙirin. Wani tsoho ya ce kada wanda ya yi shiru, yaron nan yana sama. Haka suka yi ta rerawa a cikin duhu, maza da mata, masu salla da masu zuwa coci, har da Fulanin da suka kawo nono suka makara. Da inji ya tashi, ɗigo ya sauka lafiya, kare ya ci gaba da tuƙinsa.

Daga nan sai wasa. Iya ta riƙa tsallaka garwashin daga kan wannan zuwa kan wancan, wanda ya zo kansa ya amsa. Wata rana ina fushi an hana ni ƙanzo, ya zo kaina na ƙi buɗe baki. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tsoma itacen a ƙwaryar ruwa, ya yi cuu.

"Kin kashe shi, ƙawata," ta ce.

Na yi kuka har na shiɗe. Ban sake yin shiru ba.

Iya ta rasu kafin daji ya lalace. Na yi aure a ƙauyen, na haifi Ummi. Lokacin an daina hura wuta a waje da dare, don haske yana kiran 'yan bindiga. Sai na koma yi mata wasan a ɗaki, da tocila a jikin bango. Tana son sa fiye da yadda na so shi, kuma na gaya mata duk abin da Iya ta gaya mini.

Ranar da suka shigo mana, bayan magariba ne, mijina yana kasuwar Birnin Gwari. Muka ji ƙarar babura, sai harbi. Na saɓi Ummi muka bi ta cikin gonar dawa zuwa wani kwari a bakin daji, muka kwanta cikin ciyawa tare da wasu mata da 'ya'yansu. Ba a jima ba sai ga hasken tocila daga sama, fari, zagaye, yana tsalle daga itace zuwa dutse, daga dutse zuwa ciyawa. Yana matsowa.

Na ji Ummi ta ɗago kai.

"Umma, ga shi nan," ta raɗa mini, da murna. Ta ja numfashi za ta amsa.

Na danne mata baki da tafin hannuna. Ta yi ta mutsu-mutsu, ta cije ni, hawayenta na bin yatsuna, ban saki ba. Hasken ya tsaya a kan ciyawar da ke saman kanmu, ya jira. Sannan ya wuce.

Da gari ya waye ta dube ni.

"Ya faɗi ko, Umma?"

Na ce mata a'a. Ba ta yarda ba, don ni na koya mata abin da shiru yake yi.

Yanzu muna ɗakin haya a Birnin Gwari. Na sha tunanin abin da Iya take nufi: in haske ya zo kanka, ka amsa, don wani yana rataye da muryarka. Gaskiya ta faɗa, a irin garin da ta sani. Ni kuwa shiru ne ya bar mini 'yata da rai, kuma har yau ina jin haushin daren da ya sa na ƙaryata kakata da hannuna.

Kwanan baya ƙanena Sani ya samo irin tsohon fim ɗin nan a wayarsa. Ashe Iya ba ta yi ƙari ba, ga dabbobi da wanduna suna rawa. Ummi ta matso tana dariya, zuciyata ta yi sanyi. Sai rubutu ya fito, farin ɗigo ya yi tsallen farko. Na buɗe baki zan rera mata, ko za ta biyo ni.

Ta sa hannu ɗaya ta rufe bakinta. Ɗayan kuma ta rufe nawa.