Yaya Rahamatu, Uwar Kajin Kilomita Biyar

Ranar Talata, uku ga Disamba 1996, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yaya Rahamatu Nata'ala, matar Malam Mahaman mai sayar da tukwane a kasuwar unguwar Kilomita Biyar. Harsashi ne ya same ta kusa da gadar Yakite, tana hanyar komawa gida. Babu wanda ya san daga wane ɓangare ya fito, na sojojin da suka yi bore ne ko na waɗanda ke bayan gwamnati. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Yau kwana tara ke nan. Daga gidana ta fito.

Ni ce Suwaiba ta Yakite. Babban ɗanta Haris ya roƙe ni in rubuta 'yan kalmomi da za a aika wa danginta na Damagaram idan hanya ta buɗe. Na ce to.

Yaya, har yanzu ban yi kuka ba. Na zauna cikin mata a wurin makoki, kowa na share hawaye da gefen mayafi, ni ina kallon saƙar tabarma. An miƙo mini abinci na ci. Ina tashi, ina shara, ina salla, kamar wata ce ke yi ina kallonta.

Shekara biyar da suka wuce na san ki. Mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu, yayana ya ba ni kaji shida da zakara ɗaya. Da damina ta yi nisa, mura ta kama su, idanu suka kumbura, majina na zuba. Na yi abin da kowa ke yi: na sayi kafso ja da rawaya wurin mai tire, na fasa a ruwansu. Kwana biyu suka ɗan warware, na daina. Sati bai cika ba biyu suka mutu. Maƙwabciyata ta ce in nemi Mama ti kondo, wato uwar kaji da Sango, yaren ƙasar nan, sunan da duk unguwa ta san ki da shi, saboda shekarun da kika yi kina aiki a wata gonar kaji a bayan gari.

Kika zo, kika durƙusa gaban akurki da zanenki mai kyau, kika buɗe bakin kaza kika shinshina. Kika ce, “Ƙanwata, maganin mutum na mutum ne. Kuma wanda ya fara ya bari, gara wanda bai fara ba.” Kika sa na ware marasa lafiya a bayan ɗaki, na wanke kaskon ruwansu da toka. Kika auna garin maganin kaji a ƙaramin cokali, kika ce kwana biyar cur, kullum sabon haɗi, ko da na ga sun tashi suna tono. Huɗun nan suka rayu. Daga jikokinsu yarana suka yi makaranta.

Ba kowace cuta kike ba wa magani ba, kuma ba kya ɓoyewa. Shekarar da ciwon murɗe wuya ya shigo, Maman Odette ta unguwar Miskine ta aiko a kira ki, kajinta talatin na juyi a ƙasa. Ta riƙe hannunki tana cewa ki ba su ko me ne ne. Kika ce mata wannan ba ya jin garin magani, rigakafi kawai ke tare shi, kuma lokacinsa ya wuce. Ta yi fushi. Ba ki tafi ba, kika karɓi fartanya kuka haƙa rami tare. Da rani ya zagayo, sai ga ki da kwalbar rigakafi cikin fulas ɗin ƙanƙara, gida gida, kina ɗiga wa kowace kaza a ido, don in an buɗe kwalbar dole ta ƙare a ranar. Gidan Maman Odette kika fara shiga.

A boren sojoji na watan Mayu kasuwa ta rufe, babu gawayi, babu garin rogo. Kajina na kan magani a lokacin, kika hana ni ba yara ƙwansu sai an yi sati da gamawa. Na ce, “Yaya, to me za su ci?” Washegari kika shigo da ƙwai takwas na gidanki a ƙulle cikin ɗankwali. Haka kika yi ta yi kullum, ana harbi ko ba a yi, har satin ya cika.

To, a wannan karon ma ni na aika miki. Ranar Litinin na ga kaji uku sun takure, suna zawo fari. Na san ana harbi tun tsakiyar Nuwamba. Na san akwai shinge a hanya. Amma safiyar Talata gari ya yi shiru, mutane sun fito ɗiban ruwa, sai na ba mai gawayi saƙo. Kika zo, kika duba su, kika auna mini garin a takarda biyar, kowace rana ɗaya. Na ce ki tsaya ki sha shayi. Kika ce kin bar tukunya a wuta. Ban raka ki ko bakin ƙofa ba, ina wanke kasko.

Na ji ƙarar harbin, ban ma ɗaga kai ba, don mun saba. Sai bayan azahar aka zo aka ce an kai ki gida a amalanke, an rufe ki da buhu. Na ce to. Na rufe akurki, na ɗauki mayafi.

Takardun nan biyar na yi amfani da su, ɗaya bayan ɗaya, har ranar Asabar. Kaji biyu sun tashi, ɗaya ta mutu. Ban san abin da zan yi da wannan labari ba, tunda ke kaɗai nake kai wa irinsa.

Ranar sadakar uku na durƙusa gaban Malam Mahaman, na ce, “Malam, ni na kira ta.” Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, “Suwaiba, da ba ki kira ta ba, da wata ta kira ta, kuma da ta je. Kwananta ne ya ƙare.” Na ji maganar da kunnena. Ina jiran ranar da za ta isa zuciyata.

Ranar bakwai, muna zaune a zaure, wata tsohuwa ta yi sallama da Sango, da kaza a hammata, an ɗaure mata ƙafa da tsumma. Daga nesa ta tako, labari bai kai mata ba. Ta dubi tabarmi, ta dubi mutane, ta gane. Ta zauna a bakin ƙofa da kazarta a cinya har la'asar. Babu wanda ya iya ce mata ta tafi, babu kuma wanda ya san abin da zai ba kazar.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya Rahamatu. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa tafiyar da kika yi ta yi a ƙasa saboda dabbar da ba ta iya godiya ta zame miki haske. Allah Ya karɓe ki cikin shahidai. Malam Mahaman, Haris, Hauwa'u da Isma'ila, da dangi na Damagaram da za su karanta wannan, Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya raya abin da ta bari. Allah Ya kwantar da wannan fitina, Ya mayar da bindigogi bariki. Ni kuma ku yafe mini, ku sa ni a addu'a, ko Allah Ya sauko mini da hawaye.