Ranar da Muka Ranta wa Ba'amurkiya Kuɗi

Har gobe ban manta da Alhamis ɗin da ofishinmu ya ba Amurka bashi ba. Ku da kuka zo bayana kun sha jin ana tsokanar Alhaji Issufu da "mai bin Amurka", to ga asalin maganar.

Lokacin ina shekarata ta uku a kamfaninmu na aika kaya, a ƙasar Sin, kusa da filin jirgin Baiyun. Aikina awo ne: a kawo kwali, in ɗora a sikeli, in manna lamba, sai an biya sannan kaya su hau jirgi. Maigidanmu Alhaji Sabo, wanda muke kira lawban kamar yadda Sinawa ke kiran maigida, yana da doka ɗaya. Duk kayan da suka kwana talatin ba a biya ba, a buɗe a sayar.

Akwai kwali goma sha huɗu na rigunan sanyin yara daga kasuwar Shahe, sun kwana ashirin da takwas. Na Madam Karol ne, wata Ba'amurkiya mai ɗan shago a ƙaramin gari, wadda maƙwabcinta ɗan zangon Kumasi ya haɗa mu da ita. Kuɗinta sun ƙare wurin saye. Ta faɗa mini ƙarara, in sanyi ya shigo babu kayan nan, sai dai ta rufe shago.

Da na matsa mata, sai ta turo mini wani shafi a intanet. Ashe can ma ana karo-karo! Mai ƙaramar sana'a zai sa hotonsa da bukatarsa, mutanen da ba su san shi ba su ranta masa, kowa daga dala ashirin da biyar, babu kuɗin ruwa, ya riƙa biya wata-wata. Amma in wa'adi ya cika kuɗi ba su cika ba, a mayar wa kowa nasa. Ita saura dala ɗari tara, wa'adi kuma washegari.

Ni dai dariya ta ci ƙarfina. Na juya kwamfuta wajen 'yan kasuwar da ke jiran layi, na ce, "Jama'a, ku zo ku ga Baturiya tana neman rance!"

Ofis ya kaure. Wani ya ce, "Ba can ake buga dalar ba?" Wani ya kaɗa hannu kamar Basine mai shago, "Dala meyo! Meyo!" wato babu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Alhaji Issufu, dattijon Maraɗi mai sarin tufafi. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon hoton, ga ta tsaye gaban shago da ɗiyarta.

"Nasiru, wa ya sa hoton ga?"

"Ita da kanta, Alhaji."

"Kowa na ganin ta? Har maƙwabta? Har surukai?"

"Duk duniya."

"Subhanallahi. Mace da ɗiya ta hito tana hwaɗa ma duniya ba ta da shi. Ba ta da wanda za ya ruhe mata asiri?"

Na yi ta bayani cewa su a wurinsu ba abin kunya ba ne, talla ce ma. Kamar da bango nake magana. Abu ɗaya ya tambaya, in kuɗi sun cika ana sauke hoton? Na ce ana cire shi daga jerin masu nema.

"Bon. To mu cika."

Ya cire hularsa, ya jefa dala ɗari biyu a ciki, ya miƙa wa na kusa. Nan fa abu ya koma gasa. Kanawa suka ce Maraɗi ba za ta fi su ba. Wata Hajiya 'yar Kumasi ta ce ai da hannun ɗan garinsu kayan suka zo, ta kwance jaka. Ni kuma ina karɓa ina shigarwa da katina. Akwai wani koren layi a shafin da ke ƙara tsawo duk lokacin da aka zuba, mu kuwa ihu kamar masu kallon ƙwallo.

Lawban ya fito daga ofishinsa fuska a murtuke. Da ya ji bayani ya ce, "Wato ku ba ta, ita ta ba ni?" Muka ce haka ne. Sai ya tuntsire da dariya. "To sa mini hamsin, ni ma in ranta wa kaina."

Da na zo gurbin rubuta suna, Alhaji Issufu ya riƙe mini hannu. "Kar ka sa. Ba don ta gode muka yi ba."

Kafin la'asar layi ya cika. Wallahi har rawa na taka a kan sikeli, kuma na ga nauyina. Lawban ya ƙara mata mako guda har kuɗin su iso, kaya suka tashi.

Washegari ta kira ni tana kuka tana dariya, wai wasu da ba ta sani ba sun cika mata cikin awa ɗaya. Alhaji Issufu yana gefena yana kaɗa mini yatsa. Na ce, "Madam, mun taya ki murna." Har yau ba ta sani ba.

A da kwali kawai nake gani a sikeli, tun ranar kuwa nake tuna cewa kowace lamba akwai shagon wani a bayanta. Na kuma gane mutanen da ke zaune a bencinmu, waɗanda za su yi awa ɗaya suna jayayya da ni kan rabin kilo, su ne za su cire hula saboda mutuncin wadda ba su taɓa gani ba.

Ta biya tsaf, wata-wata. Kowa ya karɓi nasa, har lawban. Da na kira Alhaji ya zo ya karɓi ɗari biyunsa, sai ya leƙa kwamfutar.

"Akwai sauran hotuna?"

Na ce, "Da yawa, Alhaji."

Ya gyara tabarau ya ja kujera. "To bar kuɗin can. Sauke min hoton wani da su."