Ɓerayena da Babur ɗin Baba

Shekarar da nake digiri na biyu, aikina kullum gadin ɓeraye ne. Farare ne masu jajayen idanu, kuma sun fi ni samun abinci a kan lokaci. Mukan sa wa ɓera maganin barci, mu yi masa ɗan rauni a waje guda cikin ƙwaƙwalwa, mu dasa masa siraran wayoyi a ka. Wayoyin suna ɗauko motsin lantarkin ƙwaƙwalwar, kwamfuta tana zana shi layi-layi, ni kuma ina kallo har idona ya yi yaji.

Makonnin da ke biyo bayan raunin su suka fi tsaya mini a rai. Ɓera ya warke sarai, yana ci, yana wanke fuska, yana tsokanar ɗan'uwansa. Amma a layin da ke fitowa daga wajen raunin sai wani ɗan tsini ya ɓullo ya ɓace. Da farko jefi-jefi, gaba kaɗan su zo a jere, daga baya layin da ke maƙwabtaka da shi ma ya ɗauka. Kafin ɓeran ya yi farfaɗiyarsa ta farko, ƙwaƙwalwar ta daɗe tana koyon ta a ɓoye.

A gidanmu na Tudun Wada ba wanda ya ɗauki aikin nan da daraja. Inna takan ce 'ya'yan mutane suna karatun likita, tata tana kiwon abin da ake ɗana wa tarko.

Cikin damina Baba ya faɗi da babur a hanyar Kwangila, inda shagon ɗinkinsa yake. Gefen kansa na dama ya bugu da bakin kwalbati, aka kwantar da shi asibiti, aka sallame shi. Da ya miƙe, Inna ta soya waina aka raba wa maƙwabta sadakar godiya. A wajen Baba, magana ta ƙare ranar da aka raba wainar nan. Ya koma kan babur ɗinsa, wanda yake hawa tun ina zama a kan tanki.

Bayan wasu watanni ina shagon ina jiran ya rage mini riga, sai na ji keken ɗinki ya tsaya. Baba ya ƙura wa bango ido, yana tauna bakinsa ba komai a ciki, yatsunsa suna murza bakin yadi. Na kira shi, shiru. Can ya nisa, ya tambaye ni wa ke ƙona roba. Ba wanda ke ƙona komai.

Da na gaya wa Inna, sai ta aje ludayi.

"Farfaɗiya? A'uzubillahi! Kin ga ya faɗi ne? Kin ga kumfa? Tunani ne ya yi masa yawa. Kada ki kuskura ki sake kiran kalmar nan a gidan nan."

Ban ga laifinta ba, ko da yake raina ya ɓaci. A unguwarmu farfaɗiya ita ce mutum ya yanke jiki ya faɗi, jama'a su dare. Wanda ke zaune da hularsa daidai, ai lafiyarsa ƙalau. Ni kuwa babur nake tunani. Irin wannan ɗaukewar ta same shi tsakanin tirela da tanka, shi ke nan mun rasa uba.

Na sami Baba bayan la'asar, na yi masa bayanin abin da nake gani a wajen aiki.

"Yanzu da ɓera kike haɗa ni?" Ya ture butarsa gefe. "Allah ya ba ni lafiya, na yi godiya mutane suka shaida, ke kuma ki zo ki ce da saura?"

"Baba, godiya tana nan. Awo kawai za a yi."

Ya miƙe ya shige ɗaki. Kowace safiya in na ji ya tayar da babur, sai in bi shi da addu'a.

Wata Laraba ya dawo da hantsi yana turo babur ɗin da hannu. Ya ce ya nufi shago, sai ya tsinci kansa a Hanwa, bai san yadda aka yi ya wuce ba. Bai kalle ni ba ya ce, "Yaushe ake awon naku?"

A asibiti aka cire masa hula, aka manna masa wayoyi a cikin furfura. Ina tsaye a bayan mai awon. Ba a jima ba tsinin ya ɓullo daga gefen dama, ya ɓace, ya sake dawowa, irin wanda na saba gani. Na daɗe ina so a ce na yi gaskiya, amma a ranar sai na ji da ma ni ce na yi kuskure. Likita ya rubuta magani, ya ce a bar tuƙi.

Maganin ya karɓe shi, alhamdulillahi. Sai dai wata safiya na hango shi a bakin titi cikin babbar riga, yana ɗaga wa keke mai ƙafa uku hannu, matasa suna riga shi shiga. Mutumin da bai taɓa jiran kowa ya kai shi ko'ina ba. Na ja mayafina na tsallaka ɗaya gefen, don kada ya san na gan shi.