Inna da Ɗan Farinta a Kududdufin Alewa

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da wata tsohuwa daga Katsina ta sa yatsana ya yi nauyi a kan madannin goge hoto ba. Tunda kun ce in ba ku labari kafin ku fara naku koyon aikin, to ku gyara zama.

Wurin da nake aiki yana saman wani babban kanti a nan Kuala Lumpur. Ba gidan abinci ba ne, ko da yake kana shiga yawunka zai tsinke. Ɗakuna ne a jere, an cika su da kayan zaƙi na bogi: donat da ya fi tayar tirela girma, lilo mai siffar ayaba, askirim na roba yana reto daga sili. Mutum zai sayi tikiti ne don ya yi hoto kawai. Ranar da na kwatanta wa mahaifiyata a waya, cewa ta yi, "To Allah ya kyauta. Wato ido ya ci, ciki ya kwana da yunwa."

Ma'aikata hawa uku ne. Akwai mai koyo, shi ke karɓar takalma ya ba da safa. Akwai mai rakiya, wanda ke bin baƙi ɗaki ɗaki da kyamara, kuma a nan nake lokacin. Sai shugabar shiyya, tamu sunanta Kak Ros. Kak ɗin nan kamar mu ce Yaya ne. Babbar dokarta ɗaya ce: duk wanda ya fito a hoto ya ce a goge, to a teburin fita za a goge a gaban idonsa, ko da kuwa sauran danginsa za su yi birgima.

Lokacin bikin yaye ɗalibai ne. Ina tsaye bakin ƙofa sai na ji sallama irin ta gida, na waiga na ga wani mutum da kaftani da hula, da matarsa, da 'yarsu ƙarama Ummi, sai tsohuwa a baya cikin lulluɓi tana ƙare wa wurin kallo. Na rusuna na gaishe ta da Hausa. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ikon Allah, 'yar nan, har a nan ma akwai mu?"

Ana raba safa mutumin ya matso kusa da ni. Sunansa Dakta Auwal, shekaranjiya ya karɓi digirinsa na uku, a unguwar Cheras suke zaune. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ƙanwata, alfarma nake nema. Ni ne ɗan farin Inna. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya kusa da ni. Ranar biki ta yi hoto da matata, ta yi da Ummi, da na matso sai ta ce rana ta dame ta. Gobe za ta koma gida. Babanmu ya rasu ba ni da hoto ko ɗaya da shi, ba na so a maimaita."

Na ce masa ya bar ni da ita. Wallahi da baki kawai na faɗa, don na san kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Kakata har ta koma ga Allah "wancan" take ce wa kawuna.

A ɗakin farko na gwada dabarar da aka koya mana, wato a jera kowa a gaban donat. Inna ta shafa shi ta ce, "Wannan fanken ai sai gayya." Ta tsaya tsaf, Ummi a gabanta. Dakta yana sako ƙafa sai ta tuna tana son ganin abin da ke bayan labule. A ɗakin lilo na zaunar da ita, na ɗaga masa gira ya zagaya ta baya. Tsohuwar nan kamar tana da ido a ƙeya. Ta miƙe ta ce jiri take ji.

Kak Ros ta leƙo ta ga abin da ake ciki, ta zo da zuciya ɗaya ta taimaka. Ta ce da Turanci, "Oga, rungume mama mana." Ni kuwa da aka ce in fassara, sai na ce wa Inna, "Cewa ta yi sannunku da zuwa." Matar Dakta ta juya baya, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Ɗaki na ƙarshe shi ne kududdufin alewa. Rami ne mai faɗi, cike da 'yan guntayen roba masu launi, irin barbaɗen da ake yi wa kek, zurfinsa ya kai ƙugun babba. Ummi ta yi tsalle ta faɗa. Inna ta yi salati ta ce, "Abinci ake takawa da ƙafa? Ba kwa tsoron Allah?" Na ɗebo na ba ta, na ce roba ce. Ta murza, ta shinshina, ta ce ko roba ce ai kamar abinci ce, ita dai ba da ita ba. Ta zauna a bakin ramin ta tanƙwashe ƙafa.

Ni dai na riga na saduda. Na dubi Dakta, ya yi min murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce ba komai. Sai Ummi ta maƙale a tsakiya tana kiran Abba. Ya tattare kaftani ya shiga. Abin da ba mu gaya masa ba, ƙasan ramin santsi gare shi in kana cikin safa. Yana juyowa da yarinyar sai ƙafarsa ta zame, ya tura ta gefe, shi kuma ya nutse gaba ɗaya daidai gaban mahaifiyarsa. Ba abin da ya rage a sama sai hula.

Ban san tsohuwa tana da zafin nama haka ba. Ta zura hannu biyu ta cafko wuyan rigarsa ta jawo shi. Ya ɗago yana furzar da roba, gemunsa ya yi ja da kore da ruwan ɗorawa. Ta dube shi, dariya ta ƙwace mata. Tana dariya tana tsince masa gemu, tana cewa, "Ƙato da kai, da digirinka da komai." Ta ɗauko hular ta kaɗe ta ɗora masa, ta gyara mata zama. A nan na danna.

Ƙarar kyamarar ce ta dawo da ita. Ta sake shi kamar ta taɓa tukunya mai zafi, ta ja lulluɓi. Ta ce, "Ke 'yar nan, me kika ɗauka? Maza goge shi."

Kak Ros tana tsaye, kuma ba sai an fassara mata wannan ba. Ta ce min a hankali, "Kin san doka." Dakta ya dafa bakin ramin. Wa zai musa wa uwarsa a gaban mutane? Ya fito yana kakkaɓe kaftani, idonsa a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a duk aikina ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba.

A teburin fita ana ba kowa askirim na gaske. Na ce wa Dakta ya kwashi iyalinsa su je su zaɓa, na roƙi Kak Ros ta ba mu wuri. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Boleh," wato babu laifi. Muka rage daga ni sai Inna. Na jawo mata kujera, na buɗe hoton a allo, na ce, "Inna, ƙa'idarmu sai kin gani da idonki kafin in goge. Ga shi, kina cewa to, ya tafi."

Ta matso da fuskarta. Ta daɗe tana kallo, ni kuma na kau da kai ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Can ta waiga ta tabbatar ba kowa, sannan ta nuna can gefen hoton, inda ba abin da ya fito sai tafin ƙafar Ummi ɗaya cikin safa.

Ta ce, "Yarinyar nan ta yi kyau a nan. A bar shi saboda ita."

Na ce, "Gaskiya ta yi kyau, Inna."

Ta ce, "A wanke biyu. Ɗaya ki ba uwarta. Ɗayan ƙarami, ki ba ni nan."

Na wanke. Ta karɓi nata ta tura cikin lalita tun kafin su dawo, ta koma ta haɗe rai. Da na miƙa wa matar Dakta babban, ta duba ta miƙa wa mijinta. Ya tsaya da askirim yana narkewa a hannunsa har yana ɗiga a kan safarsa, bai sani ba. Inna ta ce wa Ummi, "Gaya wa ubanki yana ɓarnar abinci."

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. A wajen horo za a koya muku sa mutane su yi murmushi, su rungumi juna. Yana aiki ga wasu. Amma mutanenmu, musamman manya, ba rashin so ke hana su ba, idon jama'a ne. In sun ce a'a, kada ku matsa, kada kuma ku yi saurin danna madanni. Ku rage musu 'yan kallo, ku bar su su nemo dalilinsu da kansu, kuma duk dalilin da suka kawo ku karɓa da hannu biyu, ko da tafin ƙafa ne.