Likitan Kumbo Ya Dawo da Rai

Wata Asabar a tsakiyar damina, ina aji biyu na ƙaramar sakandare, Danladi ɗan maƙwabtanmu ya miƙe a gaban yaran gidanmu ya nuna ni da yatsa. "Ƙarya kike, Binta! Likitan nan ya mutu, ke kika faɗa da bakinki." Ina zaune a kan turmi da littafi a cinyata, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gidan haya muke a Unguwar Dosa, iyalai da yawa, rijiya ɗaya. A lokacin ana nuna wani shiri a talabijin, na wasu mutane da ke yawo a kumbo tsakanin taurari, amma sau da yawa ana farawa sai a ɗauke wuta. Da Baba ya ga abin yana damuna, sai ya riƙa sayo mini littattafan da aka rubuta a kan shirin, a wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Ni da ko gaisuwa ƙasa-ƙasa nake yi, sai ga shi in na gama wanke-wanke da tsintar shinkafa yara sun bar 'yar gala-gala sun kewaye ni, ina karanta Turancin ina juya musu da Hausa. Ban taɓa samun abokai haka ba.

Sai dai littattafan ba ɗaya suke ba. Wani zai sa ki manta da tukunya a wuta, wani kuwa lami kamar miya ba gishiri. Na ranar ya fi kowanne muni: shugaban kumbon mai haƙuri ya koma sarkin masifa, likitan da muka yi wa kuka a littafin baya kuma yana ta yi wa mutane allura, ba wani bayani. Na nuna wa Danladi shafin, ya ce shi Turancinsa bai kai nan ba, zan iya karanto masa abin da na ga dama. Yara suka watse, aka yi kwanaki ba wanda ya zo. Har na fara zargin ko ni ce ban fahimta ba.

Yayar Danladi, Anti Saratu, mai karatun aikin jinya, ita ta karɓi littattafan biyu. Ranar Lahadi da suka dawo daga coci ta tara mu a bakin rijiya. "Kai mai kunnen ƙashi, zo nan. Dubi sunan da ke bangon nan, dubi na wannan. Mutum ɗaya ne? Na biyun nan ko buɗe na farkon bai yi ba ya hau rubutu. Yarinya gaskiya ta faɗa muku." Ni da nake jera su bisa lamba, ban taɓa duba sunan marubuci ba. Ajiyar zuciyar da na yi har ita ta ji.

Danladi ya sosa ƙeya. "To, Binta, a tsallake wannan shirmen mana. Akwai na gaba?" Ya zauna tun ban amsa ba.

Yanzu 'ya'yan yayata a waya suke duba littafin da ya yi kyau da wanda za su tsallake, kowa a ɗakinsa, ba mai musu da kowa. Mu kam sai da muka sha marar daɗin tare. Ashe har shi ma zan yi kewarsa.