Wa Ya Ce?

Babana ɗan gwanjo ne a unguwar Sharafiyya da ke Jidda. Idan Bature ya gama aikinsa a Jidda zai koma gida, sai Baba ya je ya saye kujeru da kabad da duk tarkacen da aka bari. A cikin wani kabad ne ya tsinci damin tsofaffin jaridun Amurka, waɗanda suka girme shi kansa, takardarsu ta yi ja tana gutsurewa kamar busasshiyar gurasa. Umma ta so ta riƙa ɗora tukwane a kansu. Baba kuwa, wanda ya koyar da Turanci a firamare kafin aikin Hajji ya kawo shi ya zauna, ya ce sai dai bayan ransa.

Bayan la'asar yakan sa tabarau ya zauna a bakin ƙofa yana karantawa. Labaran ba su dame shi ba. Kalma ɗaya ce ta tafi da shi, wadda ke nufin “ya ce”. Sai ya kira ni yana bi da yatsa: ɗan sanda ya ce, likita ya ce, matar mai gidan da ya ƙone ta ce. 'Yan jaridar nan ba sa gajiya da maimaita ta, ba sa yi mata ado, kuma ba sa sakin magana ba mai ita.

“Kin gani? Kowace magana da ubanta,” in ji shi. “Sai ka ce sun zauna gaban malaman hadisi.”

Daga nan muka shiga uku, don a unguwarmu “an ce” shi ne gidan rediyo. Ka ce za a yi kamen marasa iƙama, wato takardar zama, Baba ya ce wa ya ce. Ka ce shinkafa za ta yi tsada, wa ya ce. Har Umma ta gaji ta ce, “Malam, ko gishiri ne ya ƙare sai na kawo shaidu?”

Yayana direba ne tsakanin Jidda da Madina. Wata rana da hantsi mata suka cika mana gida da salati: an ce motarsa ta kife, ba wanda ya fita. Wayarsa a kashe. Umma ta zube a ƙasa, maƙwabta suka shimfiɗa tabarmar zaman makoki. Baba ya tsaya gaban matar da ta kawo labarin.

“Hajiya, wa ya ce?”

“Haba Malam, halas, ta ƙare, sai haƙuri.”

“Na ji. Wa ya ce?”

Wallahi a ranar na ji haushinsa har cikin raina, na ɗauka mutumin nan ba shi da zuciya. Ya zura takalmi ya bi maganar a ƙafa, daga mai kitso zuwa mai shayi a Bagdadiyya, daga nan zuwa wani makaniki a Waziriyya. Shi kuwa makanikin cewa ya yi ya dai ga farar mota a kife a gefen hanya, bai ga lamba ba, bai ga direba ba. Baba ya dawo jiƙe da gumi, ya naɗe tabarmar da hannunsa, ya durƙusa kusa da Umma ya ce, “Ba wanda ya ce.”

Bayan magariba sai ga Yaya da ledar dabino, wai cajin wayarsa ne ya ƙare. Sai a lokacin Baba ya yi kuka, ni kuma ban taɓa ganin girman mutum kamar nasa a ranar ba.

Da tsufa ya zo wa Baba, Yaya ya raka shi Kano suka zauna, jaridun suka dawo hannuna. Wata safiya maƙwabciyata ta shigo tana sunne kai, ta ce an ce Baba ya rasu. Ban yi kuka ba. Na san abin yi, har ina jin ƙarfin gwiwa. Na kira Yaya.

“Yaya, wa ya ce?”

Ya ce, “Ni na ce, ƙanwata. Ni na wanke shi.”