Karen Burtali da Ƙwan Zabi

Ƙwan zabi ɗari biyu a kwando, an jera su cikin ƙaiƙayi, sai tsohon keke wanda facin tayarsa ya fi tayar yawa. Jarina ke nan gaba ɗaya a shekarun tsadar hatsi, lokacin da gidaje da yawa a wajenmu suka koma tuwo sau ɗaya a rana. In kwandon nan ya kife, babu mai sake ba ni wani jarin, ga mata ga yara uku.

Da damina zabi ke yin ƙwai. Nakan bi ƙauyuka in yi sallama a ƙofar gida, a miƙo mini a ƙwarya, in tara in kai wa masu shayi a Ɗanbatta. Ƙauyen da ya fi ba ni ƙwai hanya ɗaya gare shi, wani burtali mai yashi, gero ya rufe shi hagu da dama. A tsakiyar burtalin akwai gidan wani tsoho, tsohon kuma yana da kare.

Jan kare ne ramamme, daga kan keke kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Mai tafiya a ƙasa bai dame shi ba, jaki ma ko kai ba ya ɗaga masa. Amma da ya ji ƙarar sarkar keke sai ya fito a guje ya nufi diddigena. Kowa ya san maganin kare: ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse, sai ya arce. To, wanda ya fito da wannan dabara bai taɓa ɗauko ƙwai a keke ba. Na gwada sau ɗaya ina kan sirdi. Ni da keken muka shige gonar gero, ƙwai wajen ashirin suka tafi, karen ya koma gida abinsa.

Na sami tsohon a ƙofar gidansa yana tufka igiya.

"Baba, ga igiya ma a hannunka. Don Allah a ɗaure karen nan."

"Yaro, in na ɗaure shi kai za ka ciyar da shi? Yanzu shi ke neman abinsa, ɓera ne, ƙadangare ne. Mu nan ko ƙanzo ba ya saura."

"To a rabu da shi mana."

"Awakina biyu fa, wa zai tsare su a wannan shekara? A burtalin nan aka haife shi, kai ne baƙo. Ka sauka ka tura kekenka, ba zai kula ka ba."

In na tsaya turin keke a yashi, kafin in isa masu shayi sun saya a hannun wasu. Sai na yi tunani irin na ɗan kasuwa. Ba a tafiya ba a sami ƙwai biyu ko uku da suka tsage ba, kuma babu mai sayensu. Washegari da karen ya fito na jefa masa ɗaya. Ya shinshina, ya lashe har da yashin wurin. Kafin mako ya zagayo ya daina haushi, yana jirana a bakin hanya yana kaɗa wutsiya, ya karɓi nasa ya raka ni har ƙarshen burtali. Sauran masu keke kuwa yana nan yana fafarar su. A majalisa har wa'azi nake yi musu, ina cewa ba su iya zama da jama'a ba ne.

Sai ƙwai ya fara ƙaranci. Gidan da ke ba ni talatin ya koma bakwai, wani ma babu. Zabi ba a akurki suke yin ƙwai ba, a gona suke ɓoyewa, mata su bi sawu su kwaso. Yanzu kuwa sai su tarar da ɓawo. Aka zargi tunku, aka zargi guza, ni kuma kwandona yana dawowa rabi, ban san inda zan sa kaina ba.

Wata safiya na tarar da matar tsohon a tsaye a tsakiyar burtali, shi yana bayanta yana danne dariya.

"Sannu da koyarwa, Malam mai ƙwai," in ji ta. "Ɗalibinka ya ƙware. Jiya na kama shi a gona, kwanduwa har kunne."

"Inna, ni fasassu nake ba shi."

"To yanzu ya iya fasawa da kansa. Shekara nawa yana wuce ƙwai, ya ɗauka duwatsu ne, sai da ka zo. Matan garin nan sun ce ko ɗaya ba za su ƙara sayar maka ba sai an ɗaure shi."

Tsohon ya ce, "Ɗaure shi aikina ne, yaro. Ciyarwa kuma ka san mai ita."

Ban yi musu ba, don ciniki ya riga ya faɗa. Aka ɗaure karen, daga ranar duk zuwa sai na ɗauro masa dusa da ƙuli-ƙuli a bayan keke. Matata tana auna dusar tana cewa, "Maigida, yaushe za a kawo mana ɗan naka na ƙauye mu ga yadda ya girma?" Masu keken da nake yi wa wa'azi suna wucewa lafiya lau, har da buga mini ƙararrawa suna yi mini barka da hidima.

Ƙwai ya dawo, kwando ya cika. Da aka yanke gero zabi suka daina ƙwai, aka kwance karen, na zauna na yi lissafi. Jarina yana nan daidai, yara ba su kwana da yunwa ba. Tunkiyar da na so in saya da ribar daminar kuwa ba ta samu ba. A duk ƙauyen nan, mutum da dabba, karen ne kaɗai ya fita daga daminar da ƙiba, kuma daga aljihuna.